Ilisha Bakanike da Ƙofar da Aka Kulle ta Waje

Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 1997, tsakanin azahar da la'asar, Ubangiji ya kira Ilisha Bawa, bakaniken da duk mai mota daga Ikara zuwa Makarfi da Kudan ya sani. Shekarunsa arba'in da tara. Ya bar matarsa Selina da 'ya'ya huɗu, babbarsu Veronica. Mun binne shi ranar Asabar a Malikanchi, kusa da kabarin mahaifinsa. An same shi ne a zaune bayan sitiyarin motarsa, cikin shagon da yake ajiye ta a bayan tasha, ƙofar shagon kuma a kulle da kwaɗo ta waje.

Wanda ya kulle kwaɗon shi ne Usmanu mai walda, abokin aikinsa na shekara goma sha bakwai, kuma bai taɓa musa cewa shi ne ba. 'Yan sanda sun tafi da shi a ranar, domin bincike, domin kuma su raba shi da taron da ya fara haɗuwa a bakin shagon. Tun daga lokacin magana take yawo a gari. Wanda ya mutu Kirista ne, wanda ya kulle ƙofa Musulmi ne, mu kuwa a wannan yanki mun san inda irin wannan magana take kai gari idan aka bar ta ta yi ƙafa. Na yi shekara ashirin da ɗaya ina gyara rubutun mutane a gidan jarida kafin a rage ma'aikata in dawo gida, ban taɓa rubuta abin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Ta'aziyya ce ta aminina. Shaida ce kuma, domin na san yadda aka rufe ƙofar nan.

Ilisha, bari in yi magana da kai, kamar yadda na saba a gindin darbejiyarka.

Tare muka shiga makarantar mishan, benci ɗaya. Ni na riƙe littafi, kai ka riƙe duk abin da yake da ƙusa a jikinsa. Muna aji huɗu ka kwance keken malamin coci gaba ɗaya, ka jera kayan a kan tabarma, wai kana son ka ga abin da yake kuka a cikinsa. Ka sha bulala. Washegari ka mayar da komai, kukan ya daina, malamin ya hau kekensa ya tafi, kuma daga ranar kai ne mai gyara masa. Da ka girma ka yi koyon aiki a Zariya, ka dawo ka kafa gareji a Ikara. Garejin kuwa bishiya ce kawai da akwatin kayan aiki da tsohuwar kujerar mota. Shekara ashirin da biyar ka yi kana aiki a fili, iska tana kaɗawa, hayaƙi yana tashi sama yana tafiyarsa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan abin ya samo asali.

Motar da ka mutu a cikinta gawa ka saye ta, Fijo ce doguwa mai lamba 504 da ta yi hatsari. Ka ɗauko inji daga wata, giya daga wata, ka ɗaga bayanta da ƙarin sifirin domin ramukan hanyoyinmu, ka cire kujerar baya ka shimfiɗa katifa. Ka sa mata suna Sannu-Sannu. Ba motar haya ba ce, ko da yake ranar kasuwa takan ɗauki buhuna. Motar marasa lafiya ce. Daga Janfalan, daga Malikanchi, daga ƙauyukan da ko sunansu babu a taswira, idan naƙuda ta yi tsanani ko maciji ya sari manomi, kai ake aiko wa. Ba ka taɓa tambayar addinin wanda yake kwance a kan katifar ba. Abin da kake tambaya shi ne ko gadar ƙauyen tana nan.

Sai wahalar mai ta zo. Wanda zai karanta wannan bayan shekaru ba zai gane ba sai an faɗa masa: mutum yakan kwana uku a layin gidan mai ya dawo da tanki a bushe, abin da ake samu a jarka a bakin hanya kuma rabinsa kananzir ne. Ka ce tun da ba za ka iya ƙara mai a ƙasa ba, za ka rage wanda Sannu-Sannu take sha. Ka toshe hudar da fetur yake bi a cikin kafireta da dalma, ka sake huda ta da allurar ɗinki ƙarama. Mota ta rage sha ƙwarai, ka yi mako biyu kana yi wa sauran kanikawa dariya.

Dariyar ta ƙare a hanyar Nasarawan Doya. Kana ɗauke da Hajo, matar Lawal manomin rake, naƙuda ta kwana biyu, inji ya yi tari ya mutu. Bawul biyu sun ƙone. Hajo ta haihu a bakin hanya, matan wani gida da ke kusa suka kare ta da zannuwansu, kai kuma ka koma nesa ka juya baya kana addu'a da ƙarfi har ana jin ka. Uwa da jariri suka rayu. Kowa ya ce a gode wa Allah, kai ma ka gode, amma ka zo wurina da yamma fuskarka a ɗaure.

“Edita,” ka ce, domin haka kake kirana ko a coci, “na yi wa injin nan rowa ban tambaye shi ba. Idan mai ya yi masa kaɗan, iska ta yi yawa, wuta yake ci a ciki. Ni kuma ba ni da ido a cikin salansa.”

Na ce to sai ka mayar da hudar yadda take.

“In mayar, in samu man a ina? A gidanku?”

Watanni ka yi kana neman idon nan. Ka samo shi a Panteka ta Kaduna, a jikin wata motar Beljiyam da aka yanka ana sayar da kayanta. Wani ɗan ƙarfe ne mai kama da fulogi, da waya ɗaya a bayansa, ana ɗaura shi a jikin salansa. Aikinsa ya shinshina hayaƙi ya gane ko akwai sauran iskar oksijin da ba ta ƙone ba. Idan akwai da yawa, inji yana jin yunwar mai ke nan. Idan babu, ana ɓarnar mai. Ka sa masa suna Hanci. Ido na biyu kuma ka samo shi wurin wani mai gidan burodi da ya rufe saboda tsadar fulawa: doguwar tsinka ce ta ƙarfe da agogonta, wadda take auna zafin tanda. Ka ce abin da ya iya jure tanda zai jure hayaƙin Fijo.

Mai sayar da kayan ya haɗa maka da wani littafin gyara na Turanci da aka tsinta a cikin motar. Ka kawo mini, ka ce in juya maka shafukan da suka shafi Hanci zuwa Hausa, amma kada in cika maka surutu. Na zauna na rubuta maka su a littafin makaranta mai layi.

Ina wurin ranar da kuka ɗaura su, kai da Usmanu. Rumfar waldarsa tana daura da bishiyarka, tukunyar shayinku ɗaya. Ka ajiye masa salansa ka nuna masa wuri biyu da alli.

Usmanu ya ɗaga tabaransa na walda ya dube ka. “Mutumina, shekara ashirin ana kawo mini salansa in toshe huda. Kai ne na farko da ya kawo lafiyayya in huda.”

“Huda dai, Malam. Ka liƙa mini noti a kowace, daidai, kada ka karkace irin na ranar nan.”

“Wace ranar?”

“Ranar ƙyauren coci.”

“Ƙyauren cocinku ginin ne a karkace. Ka tambayi fastonku.”

Ya huda, ya liƙa, bai karkace ba. Ka ja wayoyi zuwa gaban mota, ka kafa agogon tanda a gefen sitiyari, ka haɗa Hanci da ƙaramar mitar masu gyaran rediyo. Kuka tayar da inji, muka tsaya mu uku muna kallon allura ba ta motsi. Usmanu ya fara dariya. Ka ce a jira, littafin Edita ya ce Hanci ba ya aiki sai ya yi zafi. Bayan kamar minti goma allura ta girgiza ta tashi. Ka murɗa sukurun kafireta kaɗan, ta sauka. Ka mayar, ta hau. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba, ko ranar aurenka. Ka rungume Usmanu da baƙin mai a hannunka, ya yi ta faɗa wai ka ɓata masa rigar Juma'a, alhali ranar Talata ce.

Daga nan ka gane iyakar rowar da injin zai iya ɗauka. Kana rage mai kana duban agogon zafi, da zarar ya doshi jan layin da ka zana masa da fenti sai ka tsaya. Ka gano kuma cewa fetur ɗinmu yana toshe Hanci idan ya daɗe a ciki, saboda haka sai za ka yi gwaji kake ɗaura shi, ka gama ka cire ka naɗe a tsumma, ka toshe gurbin da ƙusa. Sannu-Sannu ba ta sake mutuwa da mara lafiya a cikinta ba. Direbobin Kudan da Makarfi suka riƙa kawo maka ɗan man da suka saya a kwalba ka gwada musu, domin mai gaurayen kananzir yana sa agogon zafi ya yi tsalle. Injuna nawa ka ceta da haka, ban sani ba. Lawal mijin Hajo kuwa duk kaka sai ya sauke maka damin rake a gindin bishiya, kai kuma sai ka rarraba wa masu jiran gyara.

Yanzu na zo kan ƙofa.

A bara aka kafa 'yan sintirin kama masu ɓoye mai. Suna zagayawa da bulala, duk wanda aka gani da jarka sai a ƙwace, wani lokacin har a tafi da shi. Ba sa tsayawa jin bayanin wanda ya ce na marasa lafiya ne. Sau biyu suka zubar maka da galan a gindin bishiya. Daga nan ka mayar da gwajinka cikin shagon da kake ajiye mota, tsohon ɗakin ajiyar hatsi ne, ginin ƙasa, ba taga. Kuma ka fito da dabara: idan za ka yi gwaji sai ka shiga, Usmanu ya ja ƙofa ya sa kwaɗo ta waje, duk wanda ya zo wucewa ya ga shago a rufe. In an jima ya dawo ya buɗe ka. Kai ka ƙirƙiro wannan, ba shi ba. Na sani domin an taɓa kulle mu tare, ni da kai, a watan Mayu, kana so in duba maka ko abin da allura take yi ya dace da abin da na rubuta. Muka yi kamar minti ashirin. Na fito da ciwon kai da jiri, na ce zazzaɓi ne yake son kama ni, na je na sha magani.

Ranar Larabar nan an aiko maka daga Janfalan cewa wata tsohuwa, Mairama, tana bukatar a kai ta asibiti Zariya washegari da safe. Ka samo galan biyu a hannun wanda ba ka sani ba, ka ce ba za ka ɗora tsohuwa a kan man da ba ka gwada ba. 'Yan sintiri suna cikin gari tun safe. Saboda haka ban da kwaɗo, sai ka cusa tsofaffin buhuna a ƙarƙashin ƙofa da gefenta, don kada a ji ƙarar inji. Usmanu ya kulle, ya sa mabuɗi a aljihu, ya tafi sallar azahar. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya tsare shi a masallaci fiye da yadda ya yi niyya. Bai damu ba, ya san kana da kujera da aikin yi. Da ya dawo ya buɗe, inji ya riga ya shanye man ya mutu da kansa. Ya ce da farko ya ɗauka barci kake, har ya fara yi maka tsiya. Shi ya ciccibo ka waje cikin ruwa yana ihu, shi ya fasa wa kansa murya yana kiran mutane. Mutanen da suka zo kuwa abin da suka fara gani shi ne kwaɗo a hannunsa.

Likitan da ya duba ka ya ce hayaƙin inji ne. Akwai wata guba a cikinsa da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum kasala da barci, ba ya ma tunanin tashi. A fili ba ta yin komai, iska take kwashe ta. Bakaniken da ya yi rayuwarsa a gindin bishiya ba shi da inda zai san ta. Mai walda a rumfar kara ma haka.

Ni na san ta. A shafin farko na littafin nan na Turanci akwai wani ɗan akwati da aka zagaye da baƙin layi, an rubuta a ciki cewa kada a taɓa tayar da inji a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana kisa. Na karanta. Amma ni mutum ne da aka horar da shi ya yanke abin da ba labari ba, irin gargaɗin da kamfanoni suke sawa a gaban kowane littafi. Ka ce kada in cika maka surutu, ni kuma na ga a fili kake aiki. Na tsallake shi na fara daga inda ake maganar waya. Da ka koma cikin shago ban tuna ba. Da kaina ya yi ciwo a watan Mayu ban tuna ba. Sai da likita ya yi magana na koma gida na buɗe littafin, na ga akwatin yana nan inda na bar shi. Layi uku ne, Ilisha. Da na rubuta maka su, na san ka, da ka fasa bangon nan ka fitar da bututu waje tun ranar farko, kuma da ka yi mini dariya kana yi.

Kwana shida na yi da wannan a cikina, Usmanu yana tsare, 'yan'uwan Selina da suka zo daga kudu suna cewa ba za su koma ba sai sun ga an yi hukunci. Ban ga laifinsu ba, abin da aka faɗa musu ke nan. Ranar Talata na ɗauki littattafan biyu, na Turancin da nawa, na je gidanka. Selina tana zaune a tabarma cikin mata. Na roƙi a ba mu wuri, yayanta ya tsaya. Na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan, na nuna mata akwatin, na nuna mata inda ya kamata ya kasance a nawa rubutun.

Ta daɗe tana kallon shafin, ko da yake ba ta karanta Turanci. Ta ce, “Malam Yunana, kai ma an taɓa kulle ka a ciki?”

Na ce an taɓa.

“Baban Veronica ne ya ce a kulle?”

Na ce shi ne, da bakinsa, ina tsaye.

Yayanta ya fara magana, ta ɗaga masa hannu. “Yaya, dakata. Ni ma ya taɓa dawowa da ciwon kai, na dafa masa ganye na ce rana ce.” Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko a bakin kabari. Ban ba ta haƙuri ba, ba ni da bakin yi. Da ta natsu ta ɗaura ɗankwalinta ta miƙe. Matan suka ce mai takaba ba ta fita. Ta ce, “Matar Usmanu ita ta karɓi haihuwar Veronica. Ku faɗa wa fasto na fita.”

A ƙafa muka je ofishin 'yan sanda, ni da ita da yayanta a bayanmu, ta tsakiyar kasuwa, kowa yana kallo. Na ba da bayanina a rubuce na sa hannu. Ita ta faɗi nata a tsaye: mijinta ne ya ce a kulle, kuma ba ta ƙarar kowa. Washegari aka saki Usmanu. A hanyarmu ta komowa ba ta ce mini ta yafe ba, ban kuma roƙa ba tukuna. Wannan tsakanina da ita ne da Allah, zan jira ko shekara nawa ne.

An sake shi, amma rumfarsa a rufe take har yau, bai fito ko ƙofar gida ba. Akwai kuma masu cewa an dai rufa asiri. Saboda su na rubuta wannan da sunana, kuma ina roƙo a karanta shi a coci da masallaci da tasha. Duk wanda yake neman wanda zai ɗora wa laifi, ga ni a gidana bayan makarantar firamare. Duk bakaniken da wahalar nan ta kora cikin ɗaki kuma, don Allah kada ya tayar da inji sai ƙofa a buɗe, ko da za a ƙwace jarkar.

Ilisha, ka yi aikinka da gaskiya, ka ɗauki marasa lafiyan da ba naka ba, ka mutu kana shirin ɗaukar wata. Ubangiji Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya ba ka hutawa har ranar tashin matattu. Ya ta'azantar da Selina, ya zama uba ga Veronica da ƙannenta uku. Ya ba mahaifiyarka a Malikanchi ƙarfin ɗaukar abin da ba ta zata za ta gani ba. Ina miƙa gaisuwa ga surukanka, da ikilisiya, da kanikawa da direbobin Ikara da Makarfi da Kudan, da mutanen ƙauyukan da yanzu ba su san wanda za su aika wa ba.

Saura mutum ɗaya. An yi zaman makoki kwana bakwai, an gaisa da dangi na kusa da na nesa, har ni an yi mini gaisuwa. Malam Usmanu, kai ba ka ga jana'iza ba, kuma har yau ba wanda ya tako gidanka ya ce maka ya haƙuri, alhali kai ka rasa wanda kuke shan shayi a tukunya ɗaya shekara goma sha bakwai. Ya haƙuri, Malam Usmanu. Ya ƙarin haƙuri. Allah ya sanyaya maka zuciya. Selina ta ce in faɗa maka ranar Lahadi bayan sujada a coci za ta je Malikanchi, kuma idan ka shirya, ita za ta nuna maka kabarin.

Yunana Dogo,
Ikara.